Allon Uwa da Ɗan Sarkin Zane

An yi wani birni can gabas da ƙasar Hausa, inda duwatsu suka haɗu da rairayi, ana ce da shi Kalmaru. Yau in ka je neman kufansa sai dai makiyayi ya nuna maka wani tudu da sanda. Amma a zamanin Sarki Mika'ilu Gagarau birni ne mai ganuwa da ƙofa huɗu, mutanensa kuwa mabiya Almasihu ne, addinin da kakanninsu suka zo da shi daga bakin babban kogin gabas.

Ba addinin kaɗai suka zo da shi ba, in ji su. Sun zo da wani allo mai tsawon kamu biyu, an zana Maryamu a kansa rungume da jaririnta. Allon Uwa suke ce masa. Yana cikin majami'a a bayan labule, fitilar man kaɗanya na ci a gabansa ba a bari ta mutu.

To, mutum ba ya zama da maƙwabci ya rasa ɗaukar wani abu nasa. Kalmarawa sun ga malaman ayari suna rubuta addu'a a allo su wanke su sha, sai suka ce ai mu ma muna da allo. Tun daga nan duk ranar da za a fita yaƙi sai a fito da Allon Uwa, a kwarara masa ruwa a bisa wata babbar ƙwarya, mayaƙa su jeru kowa ya kurɓa. Al'ada ta biyu ta fi wannan muni. Wanda zai ɗauki allon a gaban runduna ba ya sa sulke, ba ya riƙe garkuwa, ko wuƙa ba ya ɗaurawa. Wai sa ƙarfe a jiki alhali kana ɗauke da Uwa, zarginta ne da kasawa. Sau bakwai aka fita da shi, sau bakwai aka dawo da nasara, wa zai yi musu? Ba wanda ya tsaya ya lura cewa duk yaƙoƙin nan da 'yan ƙauyukan dutse aka yi su, waɗanda ko doki ba su da shi.

Mutum ɗaya ne a birnin ya san abin da ruwa ke yi wa zane, shi ne Tunau Sarkin Zane, wanda ya gaji kula da allon kaka da kakanni. Ubansa ya gaya masa a kan gadon mutuwa cewa allon da ya zo daga gabas gara ta cinye shi tuntuni, aka sassaƙa wani da itacen aduwa a asirce. Wannan asirin gado ne. Na biyun kuwa shi ya jawo wa kansa. Shekara ashirin da shida kafin wannan lokaci aka dawo masa da allon daga yaƙi an wanke fuskar Uwa tas, saura inuwa. Ya zauna da shuninsa da jar ƙasa da ƙaro, ya yi ya yi ya tuna tsohuwar fuskar, ta ƙi zuwa. Lokacin kwana arba'in ke nan da binne matarsa Ladingo, wadda ta rasu wajen haihuwa. Hannu ya bi zuciya. Ko da ya farga, fuskar Ladingo ce ke dubansa daga allon, har da ɗan tabon da ke ƙarƙashin idonta na hagu. Baƙuwa ce a birnin, shekara ɗaya tak ta yi a ɗakinsa, ga majami'a da duhu, saboda haka ba wanda ya ce uffan. Tunau ya ce gobe zai gyara. Goben ce ba ta zo ba, sai ma ya riƙa bin sawun zanen yana tayar da shi duk lokacin da ya dushe.

Jaririn da Ladingo ta bari ya rayu, aka sa masa suna Arzika. Ya tashi dogo, kakkaura, mai son ibada, har ya shiga cikin baraden Madawaki. Tun yana ƙarami yakan tambayi ubansa kamannin uwarsa, uban ya kau da kai ya ce ya manta.

Ana nan, a ƙarshen wata bazara, masu leƙen asiri suka shigo a sukwane da labarin cewa Sarkin Tumbuza ya taso da runduna, ya nufo rijiyoyin kwari da ke kudu da birnin. A ranar kuma fitilar gaban allon ta mutu da tsakar rana, ba iska ba komai. Mata suka ce Uwa ce ke son a fito da ita. Tsofaffi suka ce a'a, gargaɗi ne. Sarki ya sa aka buga tambari, majalisa ta taru.

Madawaki Korau, shugaban mayaƙa, shi ya fara faɗuwa ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Tun da aka kafa Kalmaru ba a taɓa jin Sarkinta ya rufe ƙofa yana leƙen abokin gaba ta kafar ganuwa ba. Rijiyoyin nan kakanninka suka haƙa su. In muka bar Tumbuza ta shayar da dawakinta a cikinsu yau, gobe a randar fadarka za su nemi sha. A fito da Uwa, a ba maza ruwa, in tare su a fili."

Sai Galadima Istifanus ya gyara zama. Tsoho ne mai kaifin baki, ya yi shekara tara yana karatu a gabas, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Madawaki ya faɗi rijiya, ya faɗi randa, bai faɗi yawan dawaki ba. Nasu dubu uku, namu ɗari bakwai. Rumbunanmu cike suke, damina saura wata guda. In ruwa ya sauka kwarin zai koma taɓo, su juya da ƙafarsu ba wanda ya kore su. Me zai fitar da mu?"

Madawaki ya ce, "Uwa za ta fitar da mu, ita za ta dawo da mu."

Galadima ya ce, "Ka ji ko, ranka ya daɗe? Wannan maganar ta fi dawakin Tumbuza ba ni tsoro. An ba Annabi Musa doka a kan dutse, aka hana mu ƙera kamannin wani abu mu durƙusa masa. Yau mu ne muke kunna wa itace fitila, mu sumbace shi, mu sha wankinsa. Mutanen Tumbuza suna da gunkin da suke ɗauka zuwa yaƙi, muna ce musu arna. To, a nuna mini bambancinmu da su, ni dai tsufa ya sa ba na gani sosai."

Majalisa ta kaure da hayaniya, har sai da dogarai suka daka tsawa, "Hattara dai! Gaban Zaki kuke!"

Sarki ya dubi Liman Tadrus, babban limamin majami'a, wanda ya tsufa har gemunsa ya koma kamar auduga. Liman ya ce, "Galadima, kai ka yi karatu, in ka buɗe littafi ka ga Almasihu. Tsohuwar da ke sayar da daddawa a ƙofar arewa fa, a ina za ta gan shi? Allon nan shi ne littafinta. In takardar Sarki ta je ƙauye, dagaci yakan miƙe ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a ka. Takarda yake girmamawa ko mai takarda? Kuma tun da Ubangiji ya yarda ya ɗauki jiki, aka goya shi, aka gan shi da ido, ban ga laifin wanda ya zana abin da ido ya gani ba. Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Allo tuni ne kawai."

Galadima ya ce, "Da kai kaɗai ke shan ruwan, Liman, da na yi shiru. Amma je ka tambayi ɗan bakan da ke tsaye a ƙofa, don tuni yake sha ko don magani? Macijin tagulla na zamanin Annabi Musa ma da umarnin Allah aka ƙera shi, amma ran da mutane suka fara ƙona masa turare, wani sarkin kirki ya sa aka farfasa shi."

Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Shan ruwan kam ban taɓa so ba. Na tarar ana yi ne."

Sarki Mika'ilu shekararsa uku a kan gado, bai taɓa cin yaƙi da sunansa ba. Kirarin Gagarau da maroƙa suka liƙa masa ya yi masa yawa, shi ma kuwa ya sani. Ya duba can ƙarshen majalisa inda masu ƙananan sarautu ke zama, ya ce, "Sarkin Zane, kai kaɗai hannunka ke taɓa allon nan. Fitila ta mutu yau. Akwai wani abin da ka sani game da shi wanda ya kamata mu ji?"

Tunau ya faɗi ya kai goshi ƙasa. Magana biyu ta isa. Da ya ce itacen aduwa ne, ni na zana, da Madawaki bai sami abin kafa hujja ba, da an rufe ƙofofi an jira damina. Amma ya tuna takobin Sarkin Dogarai, ya tuna sunan gidansu, ya tuna za a kankare fuskar da ita kaɗai ta rage masa. A nan kam ni ina jin haushin Tunau, ko da yake ban san abin da zan yi ba da ni ne a wurin. Ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, allo lafiya lau yake."

Sarki ya ce, "To, gobe da hantsi a fita."

Madawaki ya yi godiya, sa'an nan ya juya yana murmushi ya ce, "Tun da gidan Sarkin Zane ya riƙe mana amanar Uwa shekara da shekaru, ya kamata a saka masa. Ɗansa Arzika shi zai ɗauke ta a gaban runduna." Majalisa ta ɗauki sam barka. Dole Tunau ya sake faɗuwa ya yi godiya.

Da la'asar ya tarar da Arzika a tsakar gida yana wanke farar rigar da mai ɗaukar allo ke sawa. Ya shiga ɗaki ya jawo wani tsohon sulke na ƙanensa daga ƙarƙashin gado, ya ajiye a gabansa.

Ya ce, "Sa wannan a ƙarƙashin rigar. Ba mai gani."

Arzika ya yi dariya ya ce, "Ita za ta gani, Baba."

"Ɗana, itace ne fa da shuni. Kibiya ba ta san shuni ba."

"Na san itace ne, ai na sha ganin kana gyara shi. Amma itacen da ya taso daga gabas, wanda tsarkaka suka zana, ba ɗaya yake da na murhu ba." Ya matse rigar ya shanya, sa'an nan ya rage murya. "Ban taɓa gaya maka ba, Baba. Duk lokacin da na durƙusa gabanta sai in ji kamar ta san ni. Ni da ban san uwa ba, ita ce uwata. In sa ƙarfe tsakanina da ita?"

Tunau ya kau da kai. Ya ɗauki sulken ya mayar ɗaki, ya zauna a bakin gado yana hawaye, tsoro da kunya sun haɗu sun danne shi.

Gari ya waye aka fito da allon bakin fada. Aka kwarara ruwa, ya sauka cikin ƙwarya da ɗan launin shuni-shuni, maza suka jeru suna kurɓa suna shafawa a fuska. Galadima kaɗai ya ƙi, ya juya baya. Aka busa ƙaho, aka buɗe ƙofar kudu. Arzika na gaba a ƙasa, farar riga, kai ba hula, ya ɗaga allon sama da hannu biyu. Bayansa Madawaki da barade, sa'an nan 'yan baka da dakaru.

Sarkin Tumbuza tsohon mayaƙi ne, kuma ya daɗe da jin labarin allon. Ya aiko da dawaki kaɗan suka tari Kalmarawa a bakin kwari, aka ɗan gwabza, sai suka juya da gudu kamar an kore su. Kalmarawa suka yi kururuwa, "Uwa ta kore su!" suka bi su cikin kwarin ba tsari, kowa na son ya kasance kusa da allo. Sai da suka cika kwarin maƙil, sa'an nan 'yan bakan Tumbuza suka miƙe a gaɓa biyu, kibau suka sauko ta dama da hagu, manyan dawakinsu kuma suka rufe baya.

Duk da haka maza sun tsaya. Madawaki ya sari mutum biyar, mashi ya tsaga masa cinya bai sauka ba. Muddin ana hango allon a sama ba wanda ya ja da baya, kuma ga mamaki, kibiya ko ɗaya ba ta taɓa Arzika ba. Ba su san cewa Sarkin Tumbuza ne ya hana a harbe shi ba, don yana son allon da mai ɗaukarsa lafiya. Wasu ƙarti suka kutsa suka jefa masa igiya, suka fizge shi ƙasa. Allon ya yi tangaɗi ya ɓace cikin ƙura. Nan take wani ya yi ihu, "An kama Uwa!" Wannan ihun ya yi abin da kibau suka kasa. Mutanen da suka tsaya wa dubu uku suka zubar da makamai, suka ruga suna tattake juna. Kafin azahar an rufe ƙofar kudu, an bar maza ɗari huɗu kwance a kwari.

Washegari da sassafe manzon Tumbuza ya iso riƙe da ɗanyen reshe, alamar ba faɗa ya kawo shi ba. Aka shigo da shi majalisa. Ya ɗan rusuna kaɗan, irin gaisuwar wanda ubangidansa ya ci yaƙi, ya ce, "Ubangidana Sarkin Tumbuza yana gai da Sarkin Kalmaru. Ya ce rijiyoyi ya zo nema, ya kuwa samu. Ya ce abubuwanku biyu suna hannunsa, dodonku na itace, da jarumin da ya ɗauko shi, wanda ya ƙi saki sai da aka karya masa yatsu. Dodonmu da ya ba mu nasara yana jiran rabonsa, wuta kuwa ke kai masa. In rana ta take tsaka za a ƙona ɗaya, a dawo muku da ɗaya. Ku zaɓa."

Aka fitar da manzo zaure ya jira. Kafin ya zauna labari ya game gari, ƙofar fada ta cika da mutane, muryarsu na shigowa har cikin majalisa, "A dawo mana da Uwa! A dawo mana da Uwa!"

Madawaki, wanda aka shigo da shi ranga-ranga da ɗaurarriyar cinya, ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki, ban ga abin shawara a nan ba. Maza ɗari huɗu sun kwanta a kanta jiya, mutum ɗaya me ne ne? Arzika bardena ne, na san shi. In aka tambaye shi, da ƙafarsa zai shiga wutar."

Wannan kuwa gaskiya ce, kowa ya sani.

Galadima ya ce, "Dodonku, in ji manzo. Kun ji sunan da baƙo ya ba ta. In muka ba da ɗan Adam aka ƙona don a fanshi itace, to bai yi mana ƙarya ba. Kuma Sarki ya lura, tsohon nan ba don dodonsa kaɗai ya aiko da zaɓin nan ba. Ya san duk wanda muka ɗauka, birnin nan zai tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Amma muryar waje ta fi tasa ƙarfi. Hakimai suka riƙa magana ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa allo. Sarki ya gyara rawani, ya ɗaga hannu zai yanke.

Sai Tunau ya miƙe tsaye ba a kira shi ba. Dogarai suka yi kansa, Sarki ya ce a ƙyale shi. Ya tako har tsakiyar majalisa ya zube. Ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Shekaranjiya ka tambaye ni na yi maka ƙarya, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Allon da ke hannun Tumbuza bai taɓa ganin gabas ba. Na gabas gara ta cinye shi tun kafin a haife ni. Wannan aduwa ce, daga bayan ganuwar nan aka saro ta. Fuskar da ke kai kuwa ni na zana ta da hannun nan, kuma ba fuskar Maryamu ba ce. Fuskar matata ce Ladingo, uwar yaron da kuke shirin ba wa wuta."

Can Madawaki ya yunƙura ya ce, "Ƙarya yake yi! Uba ne, in ɗansa na bakin wuta ba abin da ba zai faɗa ba. Wa zai shaide shi?"

Tunau ya duba dama ya duba hagu, ya ga ashe ko gaskiyarsa ba ta da mai saye.

Sai aka ji wata siririyar murya ta ce, "Ni." Liman Tadrus ne. Ya dafa sanda ya miƙe. "Ni na ɗaura aurensu, ni na binne ta. Ranar da aka mayar da allon majami'a na yaye labule na ga tabon da ke ƙarƙashin idonta, na gane ta. Na yi shiru, don na ce wa kaina fuskar kowace uwa za ta iya tuna mana Uwar Ubangiji, kuma har yau ban janye wannan ba. Amma na ga ana shan ruwa na yi shiru, na ga ana tura 'ya'yan mutane gaban kibau ba sulke na yi shiru. Galadima, abin da na faɗa game da allo gaskiya ne, abin da ka faɗa game da mutanenmu shi ma gaskiya ne, naka kuwa shi ya kwashe maza jiya." Ya juya ga Sarki, hawaye na bin gemunsa. "Ranka ya daɗe, Allah ya yi mutum cikin kamanninsa. Zanen da hannun Allah ya yi yana can ɗaure a sansanin Tumbuza. Shi za ka fansa, ba na hannun Tunau ba."

Sarki ya ji ihun waje na ta ƙaruwa. Sa'an nan ya ce, "A kira manzo. A gaya masa mutum muka zaɓa."

Madawaki ya doki ƙasa da tafin hannu. "To, maza ɗari huɗun fa? Wankin fuskar matar wani suka sha suka tafi lahira! Ƙanena biyu na cikinsu. In ba a ba ni kan mutumin nan ba, wallahi ba ni ba sarautar Kalmaru."

Sarki ya ce, "Ba za a ƙara zubar da rai a kan allon nan ba. Amma gidansu ya yaudari kakanninmu, shi kuma ya yaudare ni a gaban majalisa. Hannun da ya yi zanen shi zai biya."

Tunau ya ce, "Na gode, Zaki." Ya miƙe da kansa ya bi Sarkin Dogarai zuwa bayan fada.

Da rana ta take tsaka hayaƙi ya tashi daga sansanin Tumbuza. Matan da ke kan ganuwa suka ɗora hannu a ka suka fasa kuka, wasu na birgima, wasu na la'antar Sarki da baki buɗe. Madawaki bai gamsu da hannu ba. Ya sa aka ɗora shi a doki, ya tuɓe rawanin sarauta ya jefar a ƙofar fada, ya fice ta ƙofar yamma da sauran baradensa da duk wanda ya ce ba zai zauna a birnin da ya sayar da Uwa ba. Shi kuma Galadima, da ya ga rana tasa ce, sai ya wuce gona da iri. Ya tura bayi su kankare duk zanen da ke bangon majami'a, suka tarar da Liman Tadrus tsaye a bakin ƙofa da sandarsa, tsofaffin mata sun kewaye shi, aka fara jifa. Masu tsaron ganuwa suka bar wurarensu suka gangaro, rabi na nan rabi na can.

Cikin wannan rikici aka kawo Arzika ƙofar kudu aka sake shi. Ba wanda ya yi masa barka. Wata mata da ta rasa 'ya'ya biyu a kwari ta tare shi ta gaya masa wace ce a kan allon, ta tofar da yawu ta wuce.

Ya iske ubansa kwance a zaure a kan tabarma, an lulluɓe shi da mayafi har wuya, fuskarsa ta yi fari fat. Arzika ya durƙusa, ya ɗora karyayyun yatsunsa a cinya. Daga nesa aka fara jin tamburan Tumbuza. 'Yan leƙen asirinsu sun ga fitar Madawaki, kuma wannan kiɗan ba na komawa gida ba ne, matsowa yake yi.

Arzika bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Baba, sun sa na tsaya na kalla. Ta gefe wutar ta fara ci, fuskar ce ta ƙarshe. Na yi ta kuka ina cewa sun ƙona Uwar Ubangiji."

Tunau ya ce, "Ka yafe mini, ɗana."

"Ba faɗa na zo yi maka ba. Ka ce ka manta kamanninta, ashe kullum kai kake kai ni gabanta. Shekara ashirin da shida ina kallonta ban san wa nake kallo ba. Yanzu da na sani, tun daga ƙofa nake rufe ido in gan ta, ta ƙi zuwa, sai wuta nake gani." Ya share ƙasar gaban tabarmar da gefen hannu, ya tsinci wani tsinke ya miƙa masa. "Ba allo nake so ba, ba shuni ba. Zana mini ita a nan, ko sau ɗaya, in gan ta a uwata kafin mutanen nan su iso."

Tunau ya dubi tsinken. Sa'an nan ya sa hannun hagu ya yaye mayafin a hankali, Arzika ya ga inda na daman ya ƙare.